Naira A Kasuwannin Maƙwabta: Alfarma Ake Yi Mana

Duk wanda ya taɓa ƙetare iyaka ta Jibiya ya nufi Maraɗi, ko ta Illela ya shiga Birnin Ƙonni, ya san cewa ba dole ba ne sai ya canji kuɗi kafin ya sha ruwa. Mai shayi zai karɓi naira, ɗan kabu-kabu zai karɓa, haka ma mai sayar da kilishi. Wannan sauƙi ya sa da yawa daga cikinmu, har da ma'aikata da malaman jami'a masu zuwa taro ko ɗaurin aure ko ziyarar dangi, suke ɗauka cewa naira tana da hurumi a can kamar yadda take da shi a Katsina. Alhali a dokance sefa ce kuɗin Jamhuriyar Nijar, kuma duk wanda ya karɓi naira a hannun baƙo alfarma ya yi masa, wadda yake da ikon janyewa a duk ranar da ya ga dama.

Dalilin alfarmar a bayyane yake. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram yana karɓar naira ne domin ya san inda zai mayar da ita, wato Dawanau in hatsi yake so, Kantin Kwari in atamfa ce, ko kasuwar Singa in kayan masarufi ne. Shi ya sa gwargwadon nisan matafiyi daga iyaka, gwargwadon yadda farin jinin takardar da ke aljihunsa yake dusashewa. Abin da aka karɓa da fara'a a Ɗan Isa, a wani otal na Yamai sai a juya shi a miƙo wa mai shi.

Ko a inda ake karɓa, akwai ladan da matafiyi yake biya bai sani ba. Mai kaya ne yake yanke farashin canji a ransa, kuma zai ɗora wani abu a kai don gudun kada naira ta faɗi kafin ya kai ta hannun ɗan canji. Idan aka zo bayar da ragowar kuɗi, sai a ba baƙo sefa a kan wani lissafin dabam, ya yi asara sau biyu a ciniki guda. Bai kamata a zargi mai kayan ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A tsakiyar shekarun 2000, sefa 1,000 ba ta wuce kimanin naira 250 ba. A 2024, bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, sefa 1,000 ɗin nan ta kai wajen naira 2,500. Ita kuwa sefa tun 1999 tana ɗaure da kuɗin Turai a kan 655.957 kowane yuro ɗaya.

Bugu da ƙari, maƙwabtanmu ba su manta da abin da sauyin kuɗi ya yi masu ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta kuma rufe iyakoki, waɗanda ba a buɗe ba sai a 1986. Masu ajiyar naira a ƙetare suka wayi gari da tulin takardu marasa amfani. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, sannan aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, kafin Kotun Ƙoli ta tsoma baki a watan Maris. Ɗan Nijeriya mai asusun banki ma ya ji jiki a lokacin, balle mai sayar da raƙuma a ƙauyen Nijar wanda ba shi da banki a Nijeriya.

Akwai kuma tarkon harshe, wanda ya fi kama Bahaushe domin yana ganin ai yarensa ake yi. A Nijar da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5, saboda haka dala ashirin sefa 100 ke nan, jika ɗaya kuma sefa 1,000. A Kano kuwa jaka naira 200 ce. Idan aka ce wa Bakano kaya jika biyar ne, zuciyarsa naira 1,000 za ta kawo masa, alhali a canjin 2024 abin ya haura naira 12,000.

Wani kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne ɗauka cewa sefa duk ɗaya ce. Sefa iri biyu ce: ta ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar da Benin da Togo, wadda babban bankinta yake Dakar, da ta ƙasashe 6 na Afirka ta Tsakiya, ciki har da Kamaru da Chadi, wadda nata yake Yawunde. Darajarsu ɗaya ce a gaban yuro, amma tun 1993 bankunan biyu suka daina fansar takardunsu da aka fitar waje. Don haka wanda ya sayi sefar Nijar a Wapa ya bi ta Gamborun Ngala ya shiga Kusiri ko Injamena, ko dai a ƙi karɓar kuɗinsa, ko ɗan canji ya zaftare wani kaso kafin ya musanya masa.

Shawara ga mai niyyar tafiya ita ce ya faɗa wa ɗan canji sunan ƙasar da za shi, ya duba sunan bankin da ke jikin takardar, ya nemi ƙananan kuɗi domin mota da abinci, kuma ya yi ciniki da kuɗin garin da ya sauka. Naira ta zauna a aljihu don ko-ta-kwana.

Su kuma masu riƙe da akalar tattalin arzikinmu, ya kyautu su san cewa mai shayin Ƙonni alƙali ne da ba ya karɓar toshiya. Yadda yake kallon naira kafin ya jefa ta a gwangwani ya fi kowane jawabin minista faɗin gaskiyar darajarta. Duk wani sauyin kuɗi da za a yi nan gaba, a tuna da maƙwabtan da suka amince da takardarmu ba tare da wata doka ta tilasta masu ba, a ba su hanya da isasshen lokacin musanya ta. Allah Ya sa masu abin su ji.