Bikin Kirsimeti da Waɗanda Suke Musun Akwai Allah

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, bikin Kirsimeti yakan zo bayan kaka, rumbuna a cike. Lokacin ne 'ya'yanmu masu karatu ko neman kuɗi a Kano, Zariya da Kaduna sukan dawo gida. Wani lokaci akan sami wanda ya dawo da ra'ayin cewa babu Allah. Ya ƙi zuwa sujada, ya ce bikin ƙagen mutane ne. Iyaye su ji kunya, dattawa su kawo ƙara wurin fasto. Me ya kamata mai hidima ya yi?

Da fari, mu san da wa muke magana. Kakannin da yawa daga cikinmu Maguzawa ne. Sun san akwai Allah, ko da yake ga iskoki suke miƙa hadaya. Mai musun Allah dabam yake: yana cewa babu Mahalicci, babu iskoki, babu lahira. Wa'azin da aka yi wa kakanninmu kan barin tsafi ba zai amsa tambayarsa ba.

Na biyu, mu yarda da gaskiya inda ya faɗe ta. In ya ce Littafi Mai Tsarki bai ambaci 25 ga Disamba ba, daidai ne. Matiyu da Luka sun ba da labarin haihuwar Yesu ba tare da faɗin rana ba, kuma shaida mafi daɗewa ta bikin a wannan rana daga birnin Roma take, a shekara ta 336. Bangaskiyarmu tana tsaye a kan zaman Almasihu mutum. Faston da ya tsaya gardamar kwanan wata zai sha kaye a banza, ya kuma rasa zarafin magana kan ainihin bishara.

Na uku, mu fahimci doka. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini, har da 'yancin sake addini. Shi ne garkuwarmu a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, inda muke tsiraru. Shi ne kuma garkuwar marar addini.

Mu tuna da Mubarak Bala, ɗan Kano da ya bar Musulunci, ya shugabanci ƙungiyar marasa addini ta Nijeriya. An kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 saboda abin da ya rubuta a Facebook. Babbar kotun jihar Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Ba mu yarda da koyarwarsa ba, ba ma kuma goyon bayan zagin abin da maƙwabtanmu Musulmi suke girmamawa. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ikkilisiyar da take kukan an hana ta filin gina majami'a, sa'an nan ta kori ɗanta daga gida don ya yi shakka, ta raunana hujjarta da hannunta.

A Luka 9:51-56, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu. Yakubu da Yahaya suka so a sauko da wuta, Ubangiji ya tsawata musu. 1 Bitrus 3:15-16 kuwa ta umarce mu mu ba da dalilin begenmu cikin tawali'u da ladabi.

Saboda haka, kada a ambaci sunan yaron a bagade, kada a hana shi tuwon biki. Mu da muke aika wa maƙwabta Musulmi shinkafa da nama ranar Kirsimeti, ba ma hana ɗan cikinmu. A gayyace shi sujada ba tare da tilas ba. Shi ma a roƙe shi kada ya yi ba'a a lokacin addu'a, ya kuma kula da abin da yake rubutawa a waya, gama magana zarar bunu ce. Bayan biki, fasto ya zauna da shi su biyu, ya saurare shi kafin ya amsa.

Tambayoyi don nazari

1. Wace amsa za ka ba uban da ya ce zai yafe ɗansa saboda rashin bangaskiya?
2. Ina iyakar haƙuri in mai musun Allah ya soma koyar da matasan ikkilisiya ra'ayinsa?