Lagwani, Tsanin da Kananzir Ke Hawa

Duk wanda ya saurari tarihin ƙasar Kano ya ji cewa Gaya garin maƙera ce tun fil azal, domin riwaya ta ce daga nan Abagayawa suka taso suna neman tama har suka sauka a gindin Dala. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan har yau, a Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, abin ƙarfe ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya sha liƙi da ƙwanƙwasa kafin a sallama shi ga 'yan gwangwan. Cikin kayan da kan zo hannun mai gyara idan hunturu ya kama, ana bukatar ruwan ɗumi na alwalar asuba, akwai risho da fitilar ƙwai, kuma galibi idan aka bincika sai a tarar ƙarfen lafiyarsa lau, illar tana ga lagwani.

Jama'a da yawa sun ɗauka lagwani ne ke ci, alhali kuwa shi tsani ne kawai. Tsakanin silin zaren auduga akwai ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani, kuma ɗabi'ar ruwa da mai ce idan suka sami kafa matsattsiya su bi ta su hau sama, kamar yadda laima ke hawa gindin katangar ƙasa da damina. Idan kananzir ya kai bakin lagwani sai zafi ya mayar da shi tururi, tururin nan shi ke gauraya da iska ya kama. Wannan ita ce hikimar gwangwanayen nan masu huji-huji da ke kewaye da wutar risho: su ke shigar da iska gwargwadon bukata, har wuta ta zama shuɗiya. Idan ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, to iska ta yi kaɗan ko mai ya yi yawa.

To, idan an fahimci wannan, mas'alar abin da za a sa a madadin tsohon lagwani ta yi sauƙi. Sharaɗi biyu ne: ya sha mai, kuma kada ya narke. Auduga tsantsa ta cika su duka, shi ya sa abawar da tsofaffi ke kaɗawa da mazari, ko ƙyallen saƙi da aka tsaga aka murɗa, suka fi wasu lagwanan kanti aminci. Inda ake shiga uku shi ne zaren tsummokaran zamani, irin wanda wasu ke warwarewa daga abin goge daɓe, domin mafi yawansu an gauraya su da roba; da sun ji wuta sai bakinsu ya narke ya daskare, ya toshe kafofin nan, mai ya rasa hanya. Gwajin ba ya bukatar makaranta. A kanga wa zaren ashana: in ya yi warin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce, in ya dunƙule ya bar ƙulli baƙi mai tauri, a jefar. Kauri ma yana da hukunci, domin lagwanin da ya cika bututu ba ya hawa ko sauka, wanda ya yi sako-sako kuwa yana barin hanyar da wuta za ta iya bi ta leƙa tanki.

A ƙasashen sanyi irin su Japan, inda ake ɗumama ɗaki da murhun kananzir, sukan yi gindin lagwani da auduga, kansa kuma da zaren gilashi wanda wuta ba ta ci, ta yadda idan ya yi dauɗa sai a bar shi ya ci har mai ya ƙare, dauɗar ta ƙone. Da can asbesto ake sawa, kafin a tabbatar ƙurarsa na haddasa cutar daji a huhu, har Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya a 2005. Na ambaci wannan ne saboda tsofaffin murahun da kan biyo kayan gwanjo: wanda ya ga wani farin abu mai ɓurɓushi a cikinsu, kada ya kankare shi, kada ya hure shi.

Sauran gyaran na haƙuri ne. A datse ƙonannen baki da almakashi, a daidaita tsawon lagwanan, a buɗe hujin gwangwanaye da tsinke, a bar sabon lagwani ya jiƙa sosai kafin a kunna. Ruwa ya fi kananzir nauyi, saboda haka yakan kwanta a gindin tanki ya haifar da tsatsa, kuma audugar da ta sha ruwa ba ta karɓar mai. Sai an juye tankin, an shanya.

Akwai abu ɗaya da babu mai gyaran da ke da maganinsa, wato algus. Tun da gwamnati ta janye tallafin kananzir a Janairun 2016 farashinsa ke hawa, har gidaje da dama suka koma gawayi da kara, waɗanda suka rage kuma suna saye a kwalba daga hannu na uku ko na huɗu. Kananzir na gaskiya ba ya fitar da tururin da zai kama sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, alhali fetur yana fitar da nasa ko a tsakiyar jaura. Idan aka zuba kaɗan daga na biyu cikin na farko, sararin da ke saman mai a cikin tanki sai ya cika da tururi mai jiran tartsatsi. Don haka ne ba a ƙara wa risho mai yana ci, kuma ba a kwana da shi a kunne cikin ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda ɗari, domin wutar da ta rasa iska tana fitar da guba marar launi marar wari, wadda kan ɗauke mai barci ba tare da ta tashe shi ba.