Usenet da Ƙofofin Shigarsa: Abin da ke Rikita Baƙo

Gabatarwa

Ɗalibi mai bincike a intanet yakan faɗa wa shafi mai ɗauke da doguwar muhawara, da sunayen mutane da amsoshinsu a jere. Sai ya ɗauka zance ne da ake cikin yi, alhali wataƙila an rufe shi shekara talatin da ta wuce. Da yawa daga irin waɗannan shafuffuka ƙofa ce kawai ta leƙa wani tsohon tsari mai suna Usenet. Wannan takarda za ta bayyana tsarin, da dalilan da ke sa baƙo ya rikice.

Asalin Usenet

A shekarar 1979 ne wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke ta Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka fito da dabarar, ta kuma fara aiki a 1980. Wato Usenet ya girmi shafuffukan intanet da fiye da shekara goma. An kasa shi zaure-zaure, kowane zaure da abin da ake tattaunawa a cikinsa. Sunan zaure shi ke nuna batunsa: masu farawa da comp na kwamfuta ne, sci na kimiyya, soc na al'umma da al'adu. Misali, a soc.culture.nigeria ƴan Nijeriya mazauna waje sun yi ta muhawara kan siyasar ƙasarsu a shekarun 1990.

Abu mafi muhimmanci shi ne Usenet ba shi da mai shi, ba shi kuma da cibiya guda. Idan mutum ya aika saƙo, babbar kwamfutar jami'arsa ko ta kamfaninsa za ta miƙa kwafi ga maƙwabtanta, su ma su miƙa gaba, har saƙon ya bazu a duniya. Ya yi kama da yadda almajirai kan kwafi littafi da hannu, kowa ya tafi garinsu da nasa. Ana karanta saƙonnin da wata manhaja ta musamman, kuma a da ma'ajiyoyi sukan share tsofaffi bayan ƴan kwanaki ko makonni don su sami fili.

Yadda ƙofofin suka samu

A 1995 kamfanin Deja News ya fara tara saƙonnin yana ajiyewa a shafin da kowa zai iya bincikawa. Google ya sayi wannan taska a watan Fabrairu na 2001, ya sa mata suna Google Groups. A ƙarshen shekarar ya faɗaɗa ta har ta koma zuwa 1981, da saƙonni kusan miliyan 700. A ciki akwai sanarwar Tim Berners-Lee ta watan Agusta na 1991 game da tsarin shafuffukan intanet, da saƙon Linus Torvalds na wannan watan game da abin da ya zama Linux.

Inda rikicewar take

Na farko, baƙo kan ɗauka mai ƙofar shi ne mai gidan. Google ya haɗa zaurukan Usenet da nasa na kansa a fuska guda, don haka mutane suka riƙa shiga suna neman shugaban zauren ya kori wani, ko suna kai ƙarar kamfanin ga waɗanda ba ruwansu da shi. Galibin zaurukan kuwa ba su da mai tacewa.

Na biyu, kwanan wata. Tun da ƙofar tana nuna tsoho da sabo iri ɗaya, an sha ganin mutum ya amsa tambayar da aka yi shekara goma sha biyar baya. Mai tambayar ya daɗe da barin wurin, adireshinsa ma ya mutu.

Na uku, kowa da abin da yake gani. Mai shiga ta ƙofa yana ganin zancen duka daga farko zuwa ƙarshe, saboda haka sai ya rubuta "haka ne" ya tsaya. Amma mai amfani da manhajar asali amsar kaɗai za ta iso masa, domin saƙon farko an share shi tuni. Shi ya sa al'adar wurin ita ce a kawo layin da ake amsawa, da alamar > a gabansa, sannan a sa amsa a ƙasa. Rashin kiyaye wannan, tare da yawan saƙonnin talla da ke shigowa ta ƙofar, ya sa wasu tsofaffin ƴan zaure suka toshe duk abin da ya fito daga Google Groups. Baƙo ya yi ta magana ba amsa, bai san dalili ba.

Na huɗu, sharewa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Ko an cire saƙo daga ƙofa ɗaya, kwafinsa na nan a wasu ma'ajiyoyi. Su kuma marubutan farko sun yi zaton maganarsu za ta ɓace cikin makonni, sai ga ta ana karantawa da sunayensu bayan shekaru masu yawa.

Halin da ake ciki

Jami'ar Duke ta kashe ma'ajiyarta ta Usenet a 2010. Ranar 22 ga Fabrairu 2024 Google ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet, ya bar tsofaffin don karatu kawai. Wannan ya haifar da wani kuskuren, domin wasu sun ɗauka tsarin ne ya mutu. Ƙofa ɗaya ce aka rufe, Usenet na nan yana aiki ta wasu ma'ajiyoyin.

Kammalawa

Ɗalibin harshe zai amfana da wannan taska, domin tana nuna yadda mutane suka rubuta zancen yau da kullum a wani zamani. Kafin ya kafa hujja da saƙo, ya kamata ya duba abu uku: ranar da aka rubuta shi, sunan zauren da ya fito, da saƙon da ake amsawa. Sannan ya ambaci zauren a matsayin tushe, domin shafin da ya gani mai ɗauko kwafi ne kawai.