Gwajin Jini Ba Ya Tabbatar da Tarin Fuka ko Kuturta

'Yan'uwa, a tarurrukan da muke yi da dattawan ikilisiya da zumuntar mata a Karfi da ƙauyukan kewaye, akwai tambayar da ke yawan fitowa. Mutum ya daɗe yana tari, ko wani tabo ya fito masa a jiki, sai a ce, me zai hana a ɗebi jininsa a duba? Tambayar tana da dalili. Mun saba da gwajin zazzabin cizon sauro, a soki ɗan yatsa, kafin ka gama gaisawa da ma'aikacin asibiti sakamako ya fito. Amma tarin fuka da kuturta ba haka suke ba.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, jiki yakan ƙera wasu abubuwa a cikin jini domin ya yaƙe ta. Su ne ake kira sojojin jiki. Gwajin da muke magana a kai sojojin nan yake nema, ba ƙwayar cutar kanta ba. Kamar ka buɗe rumbu ne ka ga kashin ɓera. Ka san ɓera ya shiga, amma ba ka san ko yana ciki har yanzu ba, ko tun bara ya fita. A kan ƙanjamau irin wannan gwaji yana aiki sosai, domin ƙwayar ba ta barin jiki idan ta shiga, saboda haka ganin sojojinta a jinin babban mutum daidai yake da ganinta.

Tarin fuka kuwa, an ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayarsa, kuma yawancinsu ba za su taɓa kwantawa da ciwon ba. Akwai kuma dangin ƙwayar a cikin ƙasa da ruwa, waɗanda manomi ke cuɗanya da su kullum, su ma sukan bar sawunsu a jini. Sai gwaji ya ce lafiyayyen mutum yana da ciwo. A ɗaya gefen, wanda ciwon ya ci ƙarfinsa, musamman mai ɗauke da ƙanjamau, jikinsa ba lallai ya ƙera sojojin da za a gani ba. Sai gwaji ya ce ba shi da komai.

Kowanne cikin biyun nan yana da tsada. Na farko zai sha magani mai ƙarfi wata shida a banza, ainihin abin da ke damunsa kuma yana nan yana cinsa. Na biyu zai koma gida da takarda a hannu yana murna, ya ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da yara, yana zama cikin majami'a yana tari. A ganinmu wannan na biyun ya fi muni, domin takardar tana hana shi sake neman magani har sai ya fara kakin jini.

A watan Yuli na 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce a daina amfani da gwajin sojojin jini wajen gano tarin fuka. Shi ne karo na farko da ta ce a bar wani gwaji na wannan ciwo gaba ɗaya. A lokacin ana yin irinsa fiye da miliyan ɗaya a shekara, wasu marasa lafiya suna biyan har dala 30 a kan guda. Ƙasar Indiya, inda aka fi cinikinsa, ta haramta shigo da shi da sayar da shi a 2012.

To me ake yi? Kaki ake dubawa, wato majinar da ke fitowa daga ƙirji, domin a cikinta ƙwayar take. A da madubin asibiti aka fi dubawa da shi. Daga 2010 aka amince da na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cikin kamar awa biyu, ta kuma nuna ko irin wadda ba ta jin babban maganin nan rifamfisin ce. Wani lokaci a haɗa da hoton ƙirji. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, ko yana rama, yana zufa da dare, ya je babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, ko asibitin gwamnati mafi kusa, ya ce gwajin kaki yake so. Gwajin da maganin wata shida kyauta ne a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da tarin fuka da kuturta.

Ƙwayar kuturta 'yar'uwar ta tarin fuka ce, shi ya sa shiri ɗaya ke kula da su, kuma a Saye kusa da Zariya ake horar da ma'aikatansu tare. Tsofaffinmu suna tuna Babbar Ruga ta Katsina, inda 'yan mishan na SIM suka kula da masu kuturta tun ƙarshen shekarun 1930, lokacin da mutum kan bar gidansu ya yi shekaru a can. Yanzu a gida ake shan magani, kuma kyauta ne tun 1995.

Masana sun ƙera gwajin jini na kuturta ma, wanda ke neman sojojin da ke yaƙar wani maiƙo na jikin ƙwayar. Yakan kama masu ƙwayar da yawa a jiki, waɗanda dama ma'aikaci zai gane su da ido. Masu tabo ɗaya ko biyu, waɗanda su ne aka fi so a gano da wuri, yawancinsu gwajin ba ya ganin komai a jininsu. Lafiyayyun mutanen gidan mai ciwo kuma sau da yawa sai ya nuna suna da shi. Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ba ta ba da shawarar dogara da shi ba.

Abin da ake dogara da shi ba ya cin ko kwabo. Ma'aikaci zai ɗauki ɗan silin auduga, irin wadda muke nomawa, ya ce ka rufe ido, ya taɓa tabon. Kyasbi da makero suna jin taɓawa. Tabon kuturta ya fi sauran fata haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, kuma ba ya jin audugar. Zai laluba jijiyoyin gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa ya ji ko sun yi kauri, in akwai bukata a kankari ɗan ruwan fata daga kunne a duba. Mai tabo biyar ko ƙasa da haka wata shida zai sha magani. Wanda ya wuce biyar, ko ciwon ya taɓa jijiya, wata goma sha biyu. Da zarar ya fara sha, ya daina yaɗa ciwon. Amma yatsun da suka riga suka lanƙwashe magani ba ya miƙe su, don haka kada a ɓoye tabo ana jiran a tara kuɗin gwajin jini.

Ƙwayar takan yi kamar shekara biyar a jiki kafin ta nuna, wani lokaci har ashirin. Idan an gano mutum ɗaya, a kai dukan mutanen gidan a duba fatarsu, har da yara. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in tarin fuka da kuturta. Wanda aka riga aka ba shi takardar gwajin jini a wani wuri, ko ta ce yana da ciwo ko ta ce ba shi da shi, ya kai wa jami'in nan kafin ya fara shan kowane magani.