Mai Kashe Dodo da Mai Sanin Dodo

A shekarar 2013 wata marubuciya Ba'amurkiya, Marie Brennan, ta fitar da wani ƙagaggen labari da Turanci mai suna *A Natural History of Dragons*, watau bayanin halitta da halayen wasu dodanni masu fikafikai. Shi ne na farkon jerin littattafai biyar, na ƙarshensu ya fito a 2017. Mai ba da labarin wata dattijuwa ce, Isabella, tana tuna ƙuruciyarta a wata ƙasa ta ƙage mai kama da Ingila ta ƙarni na 19, inda ba a yarda 'ya mace ta gidan mutunci ta sa kanta cikin binciken dabbobi ba. Tun tana yarinya ta feɗe mushen kurciya don ta ga yadda ƙasusuwanta suke, tana kuma karanta littattafan mahaifinta a ɓoye. Da ta isa aure ta auri Jacob Camherst, ta yi ta lallashinsa har aka tafi da ita duwatsun Vystrana, inda take zana siffar dodannin, tana rubuta abin da idonta ya gani. Aikin kuwa na gaggawa ne, domin ƙasusuwansu kan rududduge jim kaɗan bayan sun mutu.

Nufin wannan takarda shi ne a auna littafin da labarun Hausa, musamman wanda ya ratsa ƙasar Gaya, a nuna cewa mace mai sanin dodo ba baƙuwa ba ce a cikinsu, sai dai labarun sun saba miƙa yabo ga mai takobi.

Kalmar dodo

Kalmar Turanci *dragon* ta samo asali daga Girkanci, inda take nufin ƙaton maciji. Mai fassara ta da Hausa yana tsakanin kalmomi biyu. In ya ce maciji, ya samu siffa, amma ya rasa girma da ban tsoro; in ya ce dodo, ya samu tsoro, amma siffa ta kuɓuce masa. Dalili kuwa shi ne dodo, jam'insa dodanni, tamatarsa dodanniya, ba shi da kama guda. Wani labari ya ba shi gashi buzu-buzu, wani ya ajiye shi a gindin ruwa, wani ya sa shi ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi. A duba kuma yadda kalmar take shiga wasu sunaye, kamar dodon koɗi da dodon kunne: duka biyu abubuwa ne da suke ɓoye a ciki. Haka nan Hausawa sun kira masu fita da rufaffiyar fuska a bukukuwan gargajiya na wasu al'ummomin kudancin Zazzau da na Filato dodanni, waɗanda a da aka hana mata sanin asirinsu.

Ashe ke nan ma'anar dodo ta rataya ga ɓoyuwa. Abin da aka auna tsawonsa, aka ƙirga haƙoransa, aka zana fiffikensa, ya fara fita daga sunan dodo, ya koma dabba. Wannan shi ne aikin Isabella, shi ne kuma ya sa fassara sunan littafin da Hausa take da wuya.

Maƙeran Gaya da tsohuwar Daura

Mutumin Kademi ko Ajingi ba ya bukatar tafiya nesa kafin ya tarar da mai kashe dodo. A labarin Bayajida, wanda H. R. Palmer ya buga wata ruwayarsa a 1928, an ce jarumin ya taso daga Bagadaza, ya zauna Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, sa'an nan ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙa. Da ita ya isa Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ita ce ta gaya masa akwai macijiya a rijiyar Kusugu, ana kiranta Sarki, ba ta barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya tafi, ya sare kanta, sarauniya Daurama ta aure shi.

To, a lura da yadda labarin ya raba aiki. Ƙarfe daga Gaya ya fito, hannun da ya yi sara na baƙo ne, amma sanin macijiya, da sunanta, da mazauninta, da ranar da take sassautawa, duk a bakin tsohuwa yake. Bugu da ƙari, masu ba da labari kan fassara sunan jarumin da cewa ba ya jin harshen garin a da. Ko da masana harshe ba su karɓi wannan fassara ba, ta nuna yadda jama'a suka ɗauke shi, watau mutumin da ya zo bai san kome ba sai abin da aka gaya masa. Duk da haka shi harshe ya yi wa laƙabi, Makas-Sarki. Ayana ba ta sami ko ɗaya ba.

Dodo a tatsuniya

Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, da na A. J. N. Tremearne na 1913, da waɗanda ake ji a bakin tsofaffi, suna bin irin wannan tsari. Yarinya ta ƙi samarin garinsu, ta zaɓi baƙo marar tabo, suna shiga daji ya koma dodo. Ko kuwa mace ta yi wa dodo alkawarin ɗan cikinta a bakin rafi, ranar biya ta zo. A irin waɗannan labaru macen ce take zama kusa da dodo, ta san lokacin fitarsa da na komowarsa, da abincinsa, da yadda ake ruɗinsa. Amma saninta na dole ne, sakamakon taurin kai ko ganganci, ƙarshensa kuwa gudu, ko wani namiji kamar Auta ya zo ya yi kisa. Abin mamaki, a Kademi kamar sauran ƙasar Hausa, tatsuniya a hannun mata take, su suke yi wa yara ita da dare. Su suka siffanta dodo, su kuma suka hori 'yan mata da kada su kusance shi.

Mace mai neman ilmi

A ɗaya gefen, mace mai ilmi tana da tsohon gurbi a tarihin ƙasar nan. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajojinta suke kai karatu ga matan karkara. Mahaifinta da kansa ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A ƙagaggen labari kuma, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da *Wa Zai Auri Jahila?* a 1990, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu birni, ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Abu da Isabella sun yi tarayya a abu guda: aure ne ƙofar da ake rufe musu ilmi da ita, ko a buɗe. Abin da littafin Brennan ya ƙara shi ne haɗa wannan mace da dodo bisa zaɓinta, ta tafi wurinsa da alƙalami, ta komo da sani, sanin kuma ya zama abin yabonta.

Ga malaman kwalejojin horarwa

Malamin da yake koyar da adabin baka zai iya sa ɗalibansa su rubuto tatsuniyar dodo daga bakin kakanninsu mata, sa'an nan a yi wa kowace tambaya biyu: wa ya kashe dodo, wa kuma ya san shi? Amsoshin ba safai suke faɗawa kan mutum ɗaya ba. Yarinyar da take zaune a aji a Kademi ta sha jin cewa a ƙasarsu aka ƙera wuƙar Bayajida. Ya kamata ta ji kuma cewa da Ayana ba ta yi magana ba, da baƙon bai san hanyar rijiya ba.