Inshorar Mota da ta Gida: Inda Ake Asarar Diyya Tun Kafin Tsautsayi

A ranar 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara tsananta binciken inshorar ababen hawa a kan tituna, mutane da yawa kuma suka ɗauka wata sabuwar doka ce aka ƙirƙiro don tatsar talaka. Alhali dokar da ta wajabta wa mai mota wannan inshora tun 1945 Turawan mulkin mallaka suka kafa ta. Shekara tamanin ke nan, amma har yau yawancin direbobinmu abin da suka sani game da takardar shi ne tana raba su da ɗan sanda a shingen bincike. Ana karɓo ta tare da sauran takardun mota, a ninke, a jefa aljihun gaba, sai baɗi kuma. Kaɗan ne suka san cewa yarjejeniya ce, kuma akwai kuɗi a cikinta.

Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ta wajibi ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Diyyar rauni ko rasa rai lissafinta daban ne. Sai dai a lura da wanda ake biya: mutumin da ka buge, ko wanda ka fasa wa mota, ko wanda ka rushe wa katanga. Taka motar ba ta ciki. Wanda ke son a gyara masa tasa, ko a biya shi idan an sace ta ko ta ƙone, sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar miliyan 10, a shekara naira 500,000 ke nan aƙalla. Wannan ne ya sa galibi sai ma'aikatu da masu sababbin motoci ke yin ta.

Kafin a kai ga maganar biya ma, sai takardar ta zama ta gaskiya. 'Yan bakin ofishin lasisi sun daɗe suna buga ta jabu, da tambari da sa hannu, ba tare da ko kwabo ya isa wani kamfani ba. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ta intanet ya ga ko tana ciki. Idan ba ta fito ba, abin da ke hannunsa takarda ce kawai.

To, a ce ta gaskiya ce. Dubi yadda muke yi idan an yi karo a shataletale. Kowa ya fito, jama'a su taru, a ɗaga murya, sai wani dattijo ya shiga tsakani: "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne. Kai kuma yaro, ka amsa laifinka, a je wurin makaniki a ga abin da zai ci." Nan take a janye motocin, mai laifi ya ce ya ɗauki nauyi, a yi musabaha. Wannan sulhu abu ne mai kyau, kuma ya kashe fitinu da yawa da za su ƙare a caji ofis. Amma ta fuskar kamfani, kusan duk sharaɗin da ke cikin yarjejeniyar an karya shi cikin rabin awa. Takardun inshora suna hana mai mota amsa laifi ko alkawarin biya ba da sanin kamfani ba, suna buƙatar a sanar da shi da gaggawa, kuma a hatsari mai girma suna neman rahoton 'yan sanda. Mutumin da ya biya gyaran motar wani daga aljihunsa, sannan bayan wata biyu ya tuna yana da inshora, da wuya a saurare shi. Ba sai an bar sulhu ba. A ɗauki hoton motocin a inda suke kafin a matsar da su, a karɓi lambar ɗaya motar da wayar mai ita da ta shaida ko guda, a kira kamfani a ranar, sannan a ba juna haƙuri iya son rai.

Gidan da mota ɗaya ke hidimar mutum biyar shi ne ya fi shiga haɗari. Maigida na tuƙa ta zuwa aiki, uwargida ta kai yara Islamiyya, ƙanin maigida ya ara ranar ɗaurin aure, ɗan fari kuma da ya koyi tuƙi a filin ƙwallo a aike shi cefane. Yarjejeniyar tana faɗin wanda aka yarje wa tuƙi. Wata tana ambatar sunaye, wata tana cewa duk wanda mai motar ya ba izini, amma dukansu sun haɗu a kan cewa sai mai lasisin tuƙi, kuma a Najeriya ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Yaro ɗan shekara 16 da ake yabo a unguwa don ya iya ribas, ranar da ya take wani, kamfani na da hujjar zame jikinsa, a bar uban da asibiti da kotu. Haka nan motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida, sannan matsin tattalin arziki ya sa aka fara ɗaukar fasinja da ita da yamma, ko aka sa ta a manhajar Bolt: ta koma ta haya, kuma inshorar haya kuɗinta da sharuɗɗanta daban. Idan ba a sanar da kamfani ba, to an ɓoye masa abin da da ya sani da bai karɓi wancan farashin ba, wannan kaɗai kuwa ya isa a hana diyya.

Inshorar gida ba ta cikin wajibi ga mai gidan da yake zaune a ciki shi da iyalinsa, don haka mai yin ta ra'ayin kansa ne, kuma sau da yawa banki ne ya tilasta masa saboda bashin gini. Tushenta gobara, tsawa da fashewar tukunyar gas ta girki. Ambaliya, guguwa da fashewar bututun ruwa sai an ƙara su da sunansu a takardar, sata kuma babi ne daban idan ba a sayi haɗaɗɗiyar inshorar gida ba. Wanda ya ga abin da fashewar madatsar ruwa ta Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024 ya san wannan ƙarin ba ado ba ne. Akwai kuma rabuwa tsakanin gini da kayan ciki. Inshorar mai gida ba ta biyan ɗan haya kujerunsa da firijinsa, balle kayan ɗakin amarya da iyaye suka shekara suna tarawa. Ɗan haya shi zai yi wa kayansa.

Wurin da hauhawar farashi ke yi wa mutane yankan baya shi ne adadin da aka rubuta. Kamfani ba ya duba nawa gidan zai yi a kasuwa, domin fili ba ya ƙonewa. Abin da yake dubawa shi ne nawa za a kashe a sake gina shi yau. A ɗauki gidan da aka rubuta wa miliyan 20 a shekarun baya, ana sabuntawa kowace shekara a kan haka, alhali tun bayan faɗuwar naira a 2023 siminti da rodi da kwano sun mai da kuɗin gininsa miliyan 40. Wuta ta cinye ɗaki biyu, asarar miliyan 10. Mai gida zai ce ai miliyan 10 ba ta kai 20 ba, a biya shi duka. Mai kiyasin asara da kamfani ya turo zai ce rabin darajar gidan aka biya wa kuɗi, saboda haka rabin asarar za a biya: miliyan 5, a kuma cire ɗan kason da yarjejeniya ta ɗora wa mai gida a kowace asara. Mutane kan kira wannan zalunci. Ni ina ganin lissafin daidai ne. Laifin yana wuyan wakilin da ya karɓi kuɗin sabuntawa shekara bayan shekara bai taɓa cewa a sake kiyasi ba.

Kamfanonin ma ba wankakku ba ne. Jan ƙafa wajen biya da neman takarda bayan takarda su suka jawo musu baƙin jinin da suke fama da shi, kuma yarjejeniyar da aka rubuta da Turancin lauyoyi a ƙananan haruffa ba don magidancin Gusau ko Azare aka tsara ta ba. NAICOM tana karɓar ƙorafi a kan kamfanin da ya ƙi biya, kuma dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta ƙara jarin da ake buƙata daga kamfanoni. Amma ko a gaban hukuma, mai rasit da hoton kayansa da shaidar biyan kuɗin shekara shi ke da bakin magana. Ƙa'idar ita ce idan ba a biya kuɗin ba, babu kariya, ko da wakili ya ce "ka kawo ƙarshen wata".

Saura damuwar da ta fi hana mutanenmu kusantar harkar, wato hukuncinta a addini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta kuma halatta ta taimakon juna. A kan wannan tsari aka gina takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar tabarru'i, wato kyauta, kamfani wakili ne mai karɓar ladan gudanarwa, a biya wanda asara ta samu, idan an sami rara kuma a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ɗalibin fiƙihu zai tuna da aƙila, dangin da ke haɗa diyyar kisan kuskure. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yau akwai kamfanoni irin su Noor, Jaiz da Salam da ke yin ta ga mota da gida. Sharuɗɗan neman diyya a wurinsu ba su fi sauƙi ba, kuma bai kamata su fi ba, tunda kuɗin sauran mahalarta ne amana a hannunsu. Su ma za su tambayi wanda ke riƙe da sitiyari a lokacin, su nemi ganin lasisinsa, su kuma gwada adadin da aka rubuta wa gidan da farashin siminti na ranar da wutar ta tashi.