Nijar: Faɗin Ƙasa, Yawan Baki da Lissafin Yuraniyam

Jamhuriyar Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, wato ta fi Najeriya girma nesa ba kusa ba, kuma ba ta da gaɓar teku. Ƙasashe bakwai ne suka kewaye ta: Aljeriya, Libiya, Chadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Sai dai girman nan na taswira ne. Fiye da kashi biyu cikin uku na ƙasar hamada ce. Jihar Agadas kaɗai ta cinye sama da rabin ƙasar, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Jama'a suna cunkushe ne a wani siririn zirin kudu, daga bakin kogi ta Tilaberi da Yamai da Doso, ya bi ta Tawa da Maraɗi da Damagaram zuwa Difa, inda damina ke isar gero ya nuna.

A wannan zirin ne mutane ke ƙaruwa da saurin da ba kasafai ake ganin irinsa a duniya ba. Lokacin samun 'yanci a 1960 ba su kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2001 ta sami miliyan 11, ta 2012 ta sami miliyan 17, yanzu kuma sun haura miliyan 25, kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A karkarar Maraɗi, gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu, har ta zama jika yana tsaye a kan iyakarsa yana gaisawa da maƙwabci a ɗaya iyakar ba sai ya ɗaga murya ba.

Mulki kuwa ya sha canza hannu ta bakin bindiga: 1974, 1996, 1999, 2010, sai 26 ga Yuli 2023, ranar da sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, daga bisani Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi ragama. Nijar ta haɗa ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Bayan juyin mulkin ne wani labari ya karaɗe wayoyi, wai Faransa tana sayen kilon yuraniyam ɗin Nijar a ƙasa da yuro ɗaya, wai kuma da an gyara farashi kowane ɗan ƙasa zai yi arziki. Adadin ba shi da tushe, amma ya zauna daram a zukata domin ƙorafin da ke ƙarƙashinsa gaskiya ne. Tun 1971 ake haƙar ma'adinin a Arlit, kamfanin Faransa ne ke riƙe da kaso mafi tsoka a Somaïr, kamfanin da ke haƙar, har zuwa 2025 da gwamnati ta mayar da shi mallakarta, kuma mutanen Arlit sun daɗe suna kuka da tarin sharar ma'adinin da aka jibge musu a bayan gari. Ƙasar da ta taimaka wajen haska biranen Turai, yawancin ƙauyukanta da tocila suke kwana.

Amma cuta daban, lissafi daban. A 2022 Nijar ta haƙo yuraniyam kusan tan 2,000, wajen kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ta haƙo. Kazakistan ta ninka haka sau goma. Mahaƙar Cominak ma an rufe ta tun 2021 saboda ma'adinin ya ƙare. A ɗauka an sayar da kowane kilo dala 150, ba a cire kuɗin haƙa ba, ba a biya ma'aikaci ko ɗaya ba, aka raba wa mutum miliyan 25. Kowa zai tashi da dala 12 a shekara, wajen jaka bakwai na sefa, abin da ba zai sayi rabin buhun gero ba. Ragon layya ne, mai ƙiba kuwa, amma gari guda aka gayyata. Tulun ruwa ne a bakin garken shanu. Ko an karɓe ragon daga hannun wanda ya daɗe yana cin cinya shi kaɗai, kuma ya dace a karɓe, tsokar da za ta isa hannun kowa ba ta wuce ta ɗanɗano ba.

Abin da ke ciyar da Nijar yana saman ƙasa ne. Kusan mutum takwas cikin goma noma da kiwo suke yi. Shanu da raguna da wake suna gangarowa kasuwannin Najeriya, albasar Galmi tana kaiwa Ghana da Kodebuwa. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina sare tohon itatuwa a gonakinsu, suna barin gawo ya tashi. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya ba dabba inuwa da abinci. Ta haka aka farfaɗo da hekta kusan miliyan 5, da gatari da haƙuri kawai. Da wuya a ji wannan aikin a jawaban manya kamar yadda ake jin sunan Arlit.

Man fetur na Agadem ya shigo lissafi daga baya. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana, bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024, amma rikicin iyaka da hare-hare sun sha tsayar da shi. Wutar lantarki kuwa, kusan kashi 70 cikin 100 daga Najeriya take zuwa kafin a yanke ta a Agustan 2023. Madatsar ruwa ta Kandaji, wadda aka tsara don samar da wuta da noman rani, an aza tubalinta tun 2008, an kuma sha ɗage ranar kammala ta.